Telan da Ke Gane Mayaƙi Daga Sulkensa

Duk wanda ya saba kai ɗinki layin teloli na Kasuwar Jalingo a shekarun baya, da wuya a ce bai san Tobiya ba. Shagonsa ne na ƙarshen layi, jikin masu sayar da zare da maɓalli. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa irin ta wanda ya daɗe a kan keken ɗinki. Mumuye ne, an haife shi a wani ƙauye bayan Sunkani, inda mahaifinsa Simeon ya yi noman doya har ƙarfinsa ya ƙare. Tobiya bai yi nisa a boko ba. Yana gama firamare aka kawo shi gari wurin wani tela ɗan cocinsu, ya share shago, ya yi guga, ya ɗaura maɓalli, har ranar da aka yarda ya riƙe almakashi.

Da ya samu 'yancin kansa sai ya fi karkata ga kayan makaranta da rigunan mawaƙan coci da na matan zumunta. Ba ya yawan magana, amma yana da ido. Mutum zai wuce ta gaban shagon, Tobiya ya ɗago kai sau ɗaya, ya ce wa maƙwabcinsa, "Wannan rigar ba ɗinkin Jalingo ba ce, dubi yadda aka ɗora wuyan." In aka tsayar da mai rigar aka tambaya, sai a tarar daga Yola ya zo da ita. Ya auri Lois, 'yar unguwarsu a Barade, mai sayar da kayan miya a ƙofar gida, suka haifi 'ya ɗaya, Murna. Ba su da wani arziki, amma tukunya ba ta taɓa kwana a bushe ba.

Daura da shagonsa akwai rumfar Hammanjoda, wani Bafulatani mai cajin waya da sayar da abin sawa a kunne. A nan samari ke taruwa bayan la'asar, idan kasuwa ta fara lafawa, kowa ya duƙufa a kan wayarsa ana ta ihu. Wani wasan yaƙi suke yi. Mutum biyar ne a kowane ɓangare, kuma waɗanda ake karawa da su mutane ne na gaske, suna zaune a wani garin da wayoyinsu a hannu. Kowane ɗan wasa yana zaɓar mayaƙi mai aikinsa. Akwai mai garkuwa da ke shiga gaba ya sha duka, akwai maharbi, akwai matsafi mai jefa wuta daga nesa, akwai mai wuƙa da ke lallaɓowa ta baya. Sai mai magani, wanda ke warkar da 'yan uwansa idan sun ji rauni. Duk ƙungiyar da aka fara kashe mata mai magani, to ta gama yawo. Matsalar ita ce idan aka yi kaciɓus a cikin kangon garin da ake faɗan, ƙiftawar ido kawai gare ka ka gane wane ne wane, domin sunan da ke saman kan mutum ba ya faɗin aikinsa.

Tobiya ya shiga rumfar ne wata rana don karɓar wayarsa da ya sa a caji. Ya tsaya bayan Hammanjoda yana jira, idonsa a kan gilashin wayar da ake wasan.

"Wancan na hagu shi ne mai maganinsu," ya ce, kamar da kansa yake.

Hammanjoda bai ɗago ba. "Tela, matsafi ne. Ba ka ga doguwar riga ba?"

"Matsafin shi ne na tsakiya. Nasa hannun rigar mai faɗi ne, yana jan ƙasa. Wannan an tsuke masa hannu, an rage tsayin rigar zuwa gwiwa, ga ɗamara da aljihuna. Wanda zai riƙa gudu yana durƙusawa kan masu rauni ake yanka wa riga haka."

Hammanjoda ya yi wa sauran magana, suka rufar wa na hagun. Bayan ɗan lokaci wasan ya ƙare, sun ci. Sai a lokacin ya juyo ya dubi Tobiya da kyau.

"Ka taɓa buga wannan abin ne?"

"Ban ma san sunansa ba."

Kafin mako ya zagayo an sa masa wasan a waya. Gaskiyar magana Tobiya bai taɓa zama gwanin yatsa ba. Yatsunsa sun saba da tura yadi a hankali, ba su iya zafin naman da yaran ke yi ba. Sai suka ba shi mai magani, ya riƙa tsayawa a baya, yana kallo yana faɗa. Bakinsa suke buƙata. Tun abokan gaba suna can ƙarshen titi kamar ƙudaje, zai ce, "Mai faffaɗar kafaɗa ku rabu da shi, ƙarfe ne har wuya, ɓata lokaci ne. Ga maharbi a kan katanga, an bar masa kafaɗar dama a buɗe don jan baka. Mutum huɗu nake gani. Na biyar mai wuƙa ne, ku kula da baya." Godwin, wani ɗalibin kwaleji da ya fi kowa hannu a cikinsu, yakan ce wasa da Oga Tobi kamar shiga jarrabawa ne an riga an ba ka amsa.

Lois ba ta so abin ba tun farko. Ta leƙa wayar ta ga mai doguwar riga yana jefa wuta, ta ce, "Baban Murna, dattijo da kai, kana zaune cikin yara kana wasa da matsafa. Me zan ce in Fasto ya ji?"

"Zane ne kawai, Maman Murna. Ni ma mai magani nake yi, warkarwa nake."

Ta yi tsaki ta koma kan tumatirinta. Amma ta lura mijinta ya fara dawowa gida da fara'a, yana ba Murna labarin yadda suka kori 'yan Gombe, yana kwaikwayon tafiyar mai garkuwa a tsakar gida har yarinyar ta faɗi don dariya. Mutumin da ya yi shekaru ba ya da aboki sai keke da almakashi, yanzu in ya shiga kasuwa ana kiransa ta ko'ina. A guruf ɗin waya da 'yan wasan Yola da Bauchi da Jos suke haɗuwa ana shirya gasa, an san akwai wani tela a Jalingo da ba a ɓoye masa mai magani. Wasu ma sun ɗauka wata manhajar sata suke amfani da ita. Ranar da aka faɗa masa haka, Tobiya ya yi dariya har da hawaye.

Wannan zamanin bai daɗe ba.

Kamfanin da ya yi wasan, can ƙasar waje, ya fara sayar da kaya. Duk mai so zai iya saya wa mayaƙinsa suturar da ya ga dama. Sai ka ga mai magani sanye da kwalkwali da sulken ƙarfe, ko mai garkuwa cikin doguwar riga mai walƙiya. Don kada a ruɗe gaba ɗaya, suka sa wata 'yar alama a gefen sunan kowa, ba ta fi ƙwayar riɗi ba, mai nuna aikinsa. Yaran suka yi gunaguni na kwana biyu suka saba. Tobiya kuwa ya kasa ganin alamar. Yakan kawo wayar daf da hancinsa, ya ja ta nesa, ya goge gilashin da gefen rigarsa. Ya ce gilashin ne ya karce, Hammanjoda ya canza masa sabo. Bai canza komai ba.

Duk da haka bai sallama ba. Ya zauna ya yi ta kallo har ya gano cewa kaya aka canza, ba a canza tafiya ba. Mai garkuwa ko an sa masa siliki, da nauyi yake taka ƙasa. Mai magani yana riƙe hannunsa na hagu kusa da ƙugu ko da babu aljihu a wurin. Ya fara samo kansa kaɗan kaɗan, sai dai yanzu sai ya ƙura wa mutum ɗaya ido kafin ya gane shi, kuma duk lokacin da ya ƙura wa ɗaya, sauran sai su ɓace masa.

A gasar da suka kai wasan kusa da na ƙarshe abin ya fito fili. Ranar Lahadi ce da yamma, Tobiya ya zo daga coci ko kayansa bai canza ba, rumfar ta cika da 'yan kallo. 'Yan Gombe ne kuma. Ana fara faɗa mai wuƙarsu ya zo ta gefen dama ya kashe mayaƙin Tobiya. Da wasan ya dawo da shi fili, aka sake kashe shi ta wannan gefen. Karo na uku Godwin ya kasa haƙuri.

"Oga Tobi, mutumin nan tun ɗazu yana tsaye a gefenka fa. Ko ɓuya bai yi ba."

"Ina?"

"Ga shi nan, a dama. Kowa yana ganinsa."

Tobiya ya karkata kai gaba ɗaya, sai ga mutumin kuwa, tsaye a fili da wuƙaƙensa. Aka cinye su. Babu wanda ya yi masa faɗa, amma 'yan kallo suka watse ɗaya bayan ɗaya. Hammanjoda ya ce netwok ne bai da kyau. Tobiya ya ce haka ne, ya sa wayarsa a aljihu ya tafi.

A gida Lois ta riga ta fara tara nata abubuwan a zuci. Ya yi tuntuɓe da bokiti a tsakar gida da rana tsaka. Ya buga kafaɗa a ƙofar ɗakin da ya yi shekaru yana shiga. Wata maƙwabciya ta ce ta ga mai keke napep ya kusa kwashe shi a bakin titi, mai keken yana ta hon, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba sai da ya zo daf. Sannan aka dawo da rigunan matan zumunta. Ya haɗa shuɗi mai duhu da baƙi a jiki ɗaya bai sani ba. Shugabar matan ta kawo su gida da kanta, ba ta ɗaga murya ba, ta ce wa Lois, "Ki kai mijinki a duba shi. Tobiya da na sani ba zai yi wannan ba."

Ya ƙi zuwa har sai da allurar keke ta huda masa yatsa. Washegari Lois ta rufe teburin kayan miyarta ta sa shi gaba zuwa asibiti.

Likitar ido mace ce, mai magana a hankali. Ta ɗiga masa magani, ta haska, ta sa ya leƙa cikin wata na'ura ya riƙa danna maɓalli duk sanda ya ga haske ya ƙifta. Ya daɗe bai danna ba, yana jira a kunna, ashe tun ɗazu ake kunnawa. Da suka gama ta ce ruwan cikin idonsa ne ya yi yawa, yana danne jijiyar gani, kuma ya daɗe yana yi. Ciwon ba ya zafi, daga gefe yake fara ci, shi ya sa mutane ba sa sani sai ya yi nisa.

"Akwai wanda ya makance a gidanku?"

"Babana. Amma shi tsufa ne."

"Wataƙila ba tsufa ba ne. Yana bin jini. In 'yarku ta girma a riƙa duba ta."

Lois ta gyara zama. "Likita, ba wayar nan ba ce? Kullum idonsa a kan wasa."

"Ba ita ba ce, Madam. Ko bai taɓa riƙe waya ba zai same shi."

A hanya Lois ta zo da shirin cewa ai ta faɗa, ta kuma yi niyyar karɓe wayar, mijinta ya warke. Yanzu ba ta da abin karɓewa.

"Za a iya gyarawa?" Tobiya ya tambaya.

"Abin da ya tafi ba ya dawowa. Idon hagun saura kaɗan. Na daman za mu yi ƙoƙari mu riƙe abin da ya rage, in kana sa magani kullum, ba fashi, har iyakar rayuwa."

Maganin yana da tsada, kuma ɗan kwalbar ba ya daɗewa. Da farko sun yi ƙoƙari. Amma ɗinki ya ja baya, domin labari ya zaga layin teloli, kuma babu makarantar da za ta ba da kayan ɗalibanta ga telan da ba ya bambance launi. A kasuwa maganar da ta zauna ita ce wasan waya ya makantar da Tobiya. Iyaye suka riƙa misali da shi in suna yi wa 'ya'yansu faɗa. Ya gaji da gyara musu, ya daina. Ya fara tsallake kwana don kwalba ta daɗe, daga baya ya zama sai ya ji kansa na sarawa yake ɗigawa. An yi masa addu'a a coci, an shafa masa mai. Wata gwaggon Lois ta kawo wani ruwan saiwa daga ƙauye a wanke ido da shi, ya kwana biyu idon na ja kamar garwashi. Kafin damina ta fita na hagun ya rufe. Na daman ya koma kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Hammanjoda bai yar da shi ba. Yakan zo har shago ya riƙo hannunsa, wai don wasa, ya tsallaka da shi zuwa rumfa. "Zauna nan kusa da ni, sooba," yakan ce masa, wato aboki da Fulatanci. "Ni zan zama idonka, kai ka zama bakinmu." Sai ya riƙa faɗa masa abin da yake gani. Ga wani da jar riga, ga wani da ƙaho a kwalkwali.

"Rabu da rigar. Ƙafarsa fa? Yaya yake takawa?"

"Yana tafiya dai."

"Da nauyi ko da sauri? Hannun hagunsa yana ina?"

Kafin Hammanjoda ya duba ya ba da amsa, an riga an kashe mutum biyu. Sun gwada haka sau da yawa. Wata rana Tobiya ya canka daidai, suka yi ta tafa masa fiye da yadda abin ya kai, shi ma ya san don shi suke yi. Abin da yake gani a ƙiftawa ɗaya ba ya shiga baki ya fito a kan lokaci. Kuma ga alamar nan a gefen suna, kowa yana ganinta ba sai an tambayi kowa ba.

Wata yamma ya iso rumfar da kansa, yana bin bango. Kafin ya shiga ya ji wata baƙuwar murya tana cewa a matso za ta warkar. Wani yaro ne mai suna Abbo, sun ba shi mai magani. Babu wanda ya faɗa wa Tobiya. Ya tsaya a bakin rumfar yana saurare. Yaron ya iya, ba a kashe shi ko sau ɗaya ba. Hammanjoda ya hango shi ya miƙe da sauri yana jawo benci.

"Tela, shigo mana. Na yau ne kawai, mun ga ba ka zo ba."

"Ba komai, Hamman. Wucewa nake. Ku ci gaba."

Bai ƙara komawa ba. Bayan 'yan watanni ya mayar wa mai shago makullinsa. Keken ɗinkin ya zauna a ɗaki an rufe shi da zane, har ranar da Lois ta kira wani tela ya ɗauka, aka sayi magani da shi aka biya wa Murna makaranta. Tobiya yana zaune a ƙofar gida lokacin da aka fito da keken. Ya ji ƙarar ƙafafun ƙarfen a kan siminti, bai juya ba.

Zaman gida ya canza shi. Ya zama mai saurin fushi, abin da ba a san shi da shi ba. In Murna ta bar takalmi a hanya sai ya yi ta faɗa har yarinyar ta fara tsoron shiga inda yake. Lois ta koma sayar da kayan miya a cikin kasuwa, tana fita da sassafe ta dawo a gajiye, ta tarar da shi inda ta bar shi. Ba su yi rigima ba. Magana ce ta ƙare a tsakaninsu, sai ta abinci da ta magani.

Da yayansa Noah ya zo daga ƙauye ya ga yadda ake ciki, sai ya ce, "Ka zo gida. Ko ba komai akwai doya, akwai masu kallonka. Matarka ba za ta iya riƙe kasuwa da yarinya da kai ba." Tobiya ya jira ko zai ji Lois ta ce a'a. Sai ta ce in ya ga hakan ya fi, ita za ta zauna saboda makarantar Murna, za su riƙa zuwa. Ya bar mata wayar, ya ce ta goge wasan don ya cinye wuri, sannan ya bi Noah ƙauye.

Hammanjoda ya je ganinsa sau ɗaya a kan mashin, ya kai masa burodi da lemo. Suka zauna a gindin mangwaro. Ya ba shi labari cewa Godwin ya gama kwaleji ya tafi Abuja neman aiki, shiru har yanzu. Wasan ma an daina yinsa, yara sun koma wani na harbin bindiga inda kowa kayan soja yake sawa. Shi kansa yana tunanin rufe rumfar, domin yanzu kowa ya sayi abin cajinsa. Tobiya ya saurara, ya tambayi lafiyar iyalinsa, bai tambayi komai game da wasa ba. Da Hammanjoda zai tafi ya ce zai dawo bayan sallah. Sallah biyu ta wuce.

Tobiya yana can ƙauye har yanzu. Bututun da yake leƙe ta ciki ya ƙara tsukewa, safiya da yamma kawai yake bambancewa sosai. Maganin ya ƙare tun bara, Noah ya ce sai an sayar da doya, doyar kuma ba ta yi kyau ba. Lois tana zuwa, amma ba kamar da ba, kuma ba kullum take zuwa da Murna ba saboda kuɗin mota. Da safe matar Noah takan ajiye masa kwanon gyaɗa a gabansa kafin su tafi gona, ya yini yana ɓarewa, ƙwaya a dama, ɓawo a hagu. In sun dawo ta ɗauke, ta kawo masa tuwo.